Fanteka Ba Juji Ba Ce: Raddi Ga Masu Gyaran Gangar Auzinawa

Niyyata ta farko in yi magana a kan yadda ake buɗe gajeren labari, har na rubuta rabi, sai wani abu ya faru a zaman karatun ƙungiyarmu na ƙarshen wata wanda ya hana ni sakat. Don haka na jingine waccan sai wani jiƙon.

Wata ƙanwarmu ce ta kawo labari mai shafi shida. Wannan ne karo na biyu da ta taɓa tsayawa gaban mutane ta karanta abin da ta rubuta, takardar ma rawa take a hannunta. Labarin wani dattijo ne da ya shekara talatin yana sana'ar tsohon ƙarfe a fili guda. Da ita ya aurar da 'ya'ya, da ita ya sauke farali. Rannan aka wayi gari an shafa wa shingen langa-langarsa jan fenti, bayan mako guda katafila ta iso. Yarinyar ta kira wurin da sunan da ake kiran sa a unguwarsu, wato fanteka. Tana gamawa sai ɗaya daga cikin manyanmu, mutumin da nake girmamawa kuma ba zan kama sunansa ba, ya ce labari ya yi, amma a cire wannan kalma. Hujjarsa uku: ba Hausa ba ce, Turanci ne aka murguɗa, kuma shi bai gan ta a ƙamus ba. Ya ce ta sa juji ko bola. Wani daga gefe ya ƙara da cewa in tana son Hausa mai tsafta ta rubuta "ma'ajiyar tsofaffin ƙarafa". Ina kallo ta ɗauki biro ta bi kalmar tana sokewa ɗaya bayan ɗaya.

Ni kuwa na yi shiru. Na farko kunya, na biyu ban fi shekara biyu a ƙungiyar ba, kuma difloma gare ni a fannin injiniya, ban karanta Hausa a jami'a ba. Shirun nan shi ya fi damuna, don na san gyaran kuskure ne, na kuma bari yarinya ta tafi gida da shi a matsayin ilimi. Malam, in wannan rubutu ya iso gare ka, ka yi haƙuri, almajirinka ne ke magana. Amma abin da aka yi ran nan gyaran gangar Auzinawa ne.

Mu fara da gwaji mai sauƙi. Ku ɗauki labarin ku sa juji a duk inda ta soke. Dattijo ya shekara talatin yana kula da jujinsa. Ya je Makka da kuɗin juji. Hukuma ta rushe masa juji, ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye. Wane mai karatu ne zai tausaya masa? Dariya za a yi, ko a ɗauka tsohon taɓaɓɓe ne. Ai wanda hukuma ta kwashe masa juji godiya yake yi. Duk nauyin labarin ya rataya ne a kan cewa abin da katafila ta bi ta kai dukiya ce, an saye ta da kuɗi, wata ma da bashi. Kalma ɗaya aka canja, asarar ta ɓace, labarin ya mutu. Akwai ma wani wuri da yaron dattijon ya kama wani yana zare wayar tagulla da dare ya yi masa ihun ɓarawo. A juji ba a sata, tsintuwa ake yi. Kun ga ke nan har shari'ar da ke cikin labarin ta rushe.

Juji kowa ya san shi. Nan ake zuba sharar gida, da toka, da kashin awaki, da ɓawon gyaɗa. Kaji na tono a kai, in ya kwana biyu ya ruɓe ya zama taki, manomi ya zo da jaki ko amalanke ya kai gona. Shi ya sa Bahaushe ya ce babba juji ne, don kowa ya kwaso tasa a kansa yake zubawa, ba ya kuma cewa a'a. Ma'anar juji ke nan: wurin da ke karɓar abin da aka rabu da shi, kyauta, ba tambaya. Bola kuwa 'yar birni ce. Ita ce tarin sharar unguwa a bakin titi ko gefen kwata, mai leda da robar ruwa da ƙunzugun yara, wadda ake jiran motar hukuma ta zo ta kwashe. Kalmar ta yi tafiya, har a Ghana in ka ce bola an san shara kake nufi. Juji da bola suna da ɗan bambanci a tsakaninsu, amma sun haɗu a abu guda: abin da ke cikinsu ba shi da mai shi.

Yanzu ku biyo ni fanteka. Na fara shiga ne lokacin da muke haɗa aikinmu na kammala difloma, muna neman ƙaramin moto da kaca da ƙarfen da za mu yi ƙafafun injin, kuɗinmu kuma ba su kai na sabo ba. Abin da ka fara cin karo da shi a ƙofa shi ne sikeli. Ba abin da ke shiga sai an auna, ba abin da ke fita sai an auna ko an yi ciniki. Kusa da sikelin akwai mai littafi, yana rubuta kilo nawa, na wane ne, an biya ko saura. Akwai yaro riƙe da mayen ƙarfe, galibi wanda aka ciro daga tsohuwar lasifika, yana dangwala wa kaya. Abin da ya kama baƙin ƙarfe ne, a jefa shi can. Abin da bai kama ba sai a duba da kyau, don nan kuɗin yake: ko tagulla ce, ko alminiyam, ko dalma. Kilo ɗaya na jar tagulla ya ninka kilon baƙin ƙarfe sau da yawa, shi ya sa ba a barin ta a fili, ɗaki ake sa ta a kulle. Tsohon batir ɓangarensa daban saboda dalmar da ke ciki. Lagireto daban, kwayil ɗin fanka da na janareto daban, gwangwanayen lemo an tattake su an cusa a buhu. Mota in ta shigo ba a yi mata kallon mota. Mai gas zai yanka bodi, bakanike ya zo ya zaɓi giyabos da sifirin da fitilu, mai walda ya sayi falle, mai zuba tukwane ya kwashi alminiyam, abin da ya rage a tara shi sai ya isa lodin tirela.

Tirelar nan kuma kamfanin narka ƙarfe za ta, ko nan Arewa ko can wajen Ikorodu da Ogijo. Tun 1979 ake maganar Ajakuta, har yau ba ta fara narka tama ta ba mu ƙarfe yadda aka tsara ba. Rodin da ake yi a ƙasar nan, wanda ke cikin ginshiƙin gidajenmu da masallatanmu, akasarinsa daga irin wannan tarkacen aka narko shi. Wurin da ke da sikeli da littafi da maigadi da bashi da dillali, shi za a ce wa juji? Na roƙe ku.

Sana'ar ma hawa-hawa ce, kuma kowane hawa da sunansa. Akwai yaro mai buhu da sandar ƙarfe da ke bin bola yana tsinta, shi ne ɗan bola jari, wasu su ce jari bola. Ku dubi hikimar sunan: an ɗauki jarin nan na "magana jari ce" an manna wa bola. A Abuja da Kudu shi ake kira baban bola. Akwai mai tura kura ko baro yana bin gida-gida yana saye, wani lokaci ya ba yara alewa ko ya ba matan gida roba a madadin kuɗi. Akwai ɗan gwangwan mai sikeli a lungu, wanda waɗannan ke kai wa, sunansa kuma daga gwangwani ya samo shi. Sannan akwai dila mai fili, mai iya cika tirela, wanda wani lokaci shi ke ba na ƙasa jari su fita nema. Masu wannan harka har ƙungiya gare su ta ƙasa baki ɗaya. Marubucin da ya tattara waɗannan mutane huɗu ya ce musu "'yan bola" daidai yake da wanda ya haɗa mai tallan goro a faranti da mai shago a Kantin Kwari ya ce duk 'yan talla ne.

To mu dawo kan hujjar farko, wai ba Hausa ba ce. Jaridun Turanci na Abuja suna rubuta ta pantaker, daga nan ne masu cewa Turanci ce suke kafa hujja. Na ji, na kuma yarda don a wuce wurin. Sai me? Malam ya zo zaman nan a mota, ya sauka a tasha, ya zauna a benci, ya ɗora takardunsa a tebur, ya ciro biro. Wanne ne a ciki kakanninmu suka gada daga Bayajida? Agogon hannunsa da akwatin littattafansa da keken ɗansa da ashanar gidansa duk daga Yarabanci muka karɓo su. Gwanjo ma, wadda ita ce 'yar uwar fanteka ta kusa, daga can take. Littafi da alƙalami da tawada na Larabawa ne. Wani masanin harsuna Ba'amurke, Joseph Greenberg, ya yi rubutu tun 1960 yana kawo hujjar cewa kalmomin karatu da rubutu da kasuwa ta hannun Barebari suka shigo mana. Ke nan in za a bi wannan ƙa'ida, sunan da muke taƙama da shi, marubuta, shi za a fara sokewa.

Abin da na lura da shi shi ne, masu wannan tsarkakewa ba sa tayar da jijiyar wuya a kan aron da ya shigo ta ofis ko ta makaranta. Ba wanda ya taɓa cewa a cire farfesa, ko digiri, ko kwamishina, ko sakatare. Ba wanda ya ce wa marubuciya ta cire asibiti ta sa "gidan jinya". Sai kalma ta biyo ta hannun mai baƙin mai a riga, ta fito daga bakin bakanike ko ɗan gwangwan, sannan ake tuna cewa Hausa na da tsarki. A ganina ba asalin kalmar ne ke damun mu ba, masu ita ne ba mu ɗauka da daraja ba.

Maganar ƙamus kuwa ba ta da tsawo. Bargery ya fitar da nasa a 1934. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero ya fito a 2006. Ayyuka ne manya, ina da na biyun, ina kuma buɗa shi kusan kullum. Amma masu ƙamus bayan mutane suke bi suna tsintar abin da baki ya riga ya furta, kuma daga ina suke tsinta in ba daga rubutunmu ba? A zamanin mulkin Malam Ibrahim Shekarau aka kawo shirin A Daidaita Sahu a Kano, yau ga shi sunan ya koma kan babur mai ƙafa uku, har an gutsure shi ya zama adaidaita. Wa ya jira ƙamus kafin ya hau? In mu marubuta muka ƙi rubuta fanteka don ba ta cikin ƙamus, mai ƙamus na gaba zai duba littattafanmu bai gan ta ba, shi ma ya bar ta. Mun rufe ƙofa ke nan mun jefa makullin ciki.

Ni hanyar da nake gane kalma ta zama tamu ita ce in ga ko ta sa rigar nahawunmu. Fanteka ta sa. Mace ce, kamar yawancin kalmominmu masu ƙarewa da wasalin a: fantekar Dei-Dei, fantekarsu ta ƙone. Ka ce wa kowane Bahaushe ya yi maka jam'inta, zai ce fantekoki ba tare da ya yi tunani ba, kamar yadda fanka ta ba da fankoki, taga ta ba da tagogi. Tana karɓar ɗan da 'yan: ɗan fanteka, 'yan fanteka. Har siffantawa ake yi da ita, a ce wannan injin ɗan fanteka ne, ko a leƙa ɗakin saurayi a ce ya mai da shi fanteka. Kalmar da ta kai ana zolaya da ita ta daɗe da zama 'yar gida.

Saura rubutawa, da p ko da f? Nan ina da ra'ayi, kuma na san wasu za su ja. A daidaitacciyar Hausa f muke rubutawa, shi ya sa muke da fasinja da fenti da famfo da fensir, ko da yake bakin wani p yake fitarwa, na wani kuma can yamma ya karkata wajen hw. Don haka in sunan kowa-da-kowa ne, wato kowane fili irin wannan, a rubuta fanteka da ƙaramin baƙi. In kuwa kasuwar nan ta Kaduna ake nufi, wadda haka sunanta yake a allo da takardun hukuma, a bar mata Panteka da babban baƙi, kamar yadda ba ma taɓa Potiskum ko Pantami. Abin da ba na so shi ne a ga uku a shafi ɗaya, panteka a sama, fanteka a tsakiya, pantaker a ƙasa.

Sai mai shawarar "ma'ajiyar tsofaffin ƙarafa". Wannan bayani ne, kuma bayanin ma bai cika ba. Ma'ajiya wurin da ake ajiye abu ne a dawo a ɗauka, kamar sito ko rumbu. A fanteka kaya ba zama suke ba, wucewa suke, ana saye ana farkewa ana sayarwa. Kuma ba ƙarfe kaɗai ba ne, akwai roba da katako da tsofaffin ƙofofi da tayoyi. Sannan ku gwada sa ta a bakin mutum. Uwa ta leƙo ta ce, "Ina Sani?" a ce mata, "Ya tafi ma'ajiyar tsofaffin ƙarafa." Wa ke magana haka a gidanku? Na taɓa ganin wanda ya rubuta "maƙabartar motoci" a wani labari da ake turawa a WhatsApp, ya kuma ji daɗin kansa. Hoton yana da kyau a ido, in mawaƙi ya yi shi sau ɗaya ba zan yi faɗa ba. Amma a matsayin suna ƙarya ne, don abin da aka kai maƙabarta ba a dawowa a ciri hannunsa a sa wa wani. Irin wannan Hausar daga fassarar fim da injin fassara take zuwa, kuma ta fi fanteka zama baƙuwa nesa ba kusa ba, duk da cewa kowace kalma a cikinta Hausa ce.

Yanzu bari in faɗi inda Malam yake da ɗan gaskiya, ko da yake ba ita ya faɗa ba. Fanteka ba kalmar ko'ina ba ce. Ta fi ƙarfi a Kaduna da Abuja da garuruwan da ke kewaye da su. A Kano abin da kunne ya fi sabawa da shi shi ne 'yan gwangwan, a ce ya kai wajen 'yan gwangwan, in kuma kayan mota ko na gini ake nema a ce Ƙofar Ruwa. A Yamai sunan kasuwar Katako ake kamawa, inda ake narka alminiyam ana zuba tukwane. Wannan ba aibi ba ne, haka harshe mai faɗi yake: babur ɗin haya acaɓa ne a Kano, kabu-kabu ne a Sakkwato da Nijar. Da Malam ya tambayi yarinyar a wane gari labarinta yake, da ya yi gyara na gaske. In a Kurna ne ko Dakata, a ce mata tsohon nan ɗan gwangwan ne, ta gyara. Amma labarinta a gefen Abuja yake, kuma can fanteka ake cewa.

Akwai kuma wani tarko da ya kamata mu kiyaye. Panteka ta Kaduna ta wuce wurin tara tarkace. Tsohuwar Panteka, wadda ke daura da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, gari ne na masu ƙira: masu walda, kafintoci, masu zuba tukwane, masu haɗa injin markaɗe da na casa da kurfoti da ƙofofin ƙarfe. Farfesa Idris Bugaje, lokacin da yake shugabantar kwalejin kafin ya koma hukumar NBTE a 2021, ya jawo masu sana'ar wurin a jiki don a riƙa ba su takardar shaidar ƙwarewa. Saboda haka in jarumin labarinka ya ce a Panteka ya koyi aiki, mutumin Kaduna zai fahimci mai sana'ar hannu ne, ba mai tsintar ƙarfe ba. Kalmar na da fuska biyu, inda ake farke tsoho da inda ake ƙera sabo daga gare shi, kuma aikin marubuci ne ya san wacce yake nufi a kowace jimla.

Wani zai ce duk wannan surutu a kan kalma ɗaya? E, saboda akwai mutane a ƙarƙashinta. A watan Janairun 2025 hukumar Abuja ta haramta yawon bola jari a cikin birni, ta kuma rufe fantekoki na mako biyu, bayan an yi ta sace murafun ramukan kan titi. Ba zan yi musu ba, satar nan gaskiya ce. Ana sace wayar wuta, ana kwance ƙarfen gada da na layin dogo, ana shiga kangon mutane a zare tagogi, kuma waɗannan kaya ba sama suke tashi ba, akwai sikelin da ke karɓar su. Wanda zai rubuta labarin fanteka ya ɓoye wannan maƙaryaci ne. Amma fa dubban mutane ne ke ci daga wannan sana'a da guminsu, mafi yawansu yaranmu ne na Arewa, kuma suna biyan ta da tsada. A watan Mayun 2022 an kashe gomman masu neman tsohon ƙarfe a dajin Borno wajen Rann, a 2023 Gwamna Zulum ya haramta sana'ar tsintar ƙarfe a jihar. A watan Yunin 2025 wani tsohon bam da ya biyo lodin ƙarfe ya tashi a Kano ya kashe mutum biyar. Ga masu fasa batir da hannu suna shaƙar gubar dalma, ga masu ƙona waya don su fitar da tagulla suna shan hayaƙin.

Duk lokacin da irin wannan ta faru, ku saurari yadda ake ba da labarin. Ɓarawon murfi, da yaron da ke tsinta, da dattijo mai fili da lasisi, duk sunansu ɗaya a bakin mai rahoto. In suna ya zama ɗaya, hukunci ma ɗaya yake zama, katafila kuma ba ta tambaya. Mu da muke da'awar mu ne masu kula da harshe, in muka ce wa filin mutum juji, mun riga mun yanke cewa abin da ke ciki shara ne, kwashe shi tsafta ce. Labarin ƙanwarmu yana ƙoƙarin cewa a tsaya a duba, gyaran da aka yi mata kuwa ya koma bayan mai katafila ba tare da an sani ba.

Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, mun jahilci waɗannan kalmomi ne don ba ma zuwa wuraren. Ku buɗe littattafan da muke turawa a Wattpad da WhatsApp ku ƙirga: jarumi ɗan Alhaji ne mai kamfani a Dubai, ko likita, ko sojan da ba ya dariya. Mun san sunan kowane turare da kowace mota, amma ba mu san me ake kiran wurin da motar za ta ƙare ba. In talaka ya shigo labari, to "wani ɗan bola" ne da zai zo ya ba jaruma tausayi ya wuce. Ga yarinya ta zo da mutum sukutum, da sana'arsa da bashinsa da sunan wurin aikinsa, mu kuma muka miƙa mata biro.

Ƙanwata, na san kina cikin wannan zaure, don na ga kina sa hannu a maƙalun da suka wuce. Ki mai da kalmarki duk inda kika soke. Abu biyu kawai zan ce ki duba. A shafi na uku kin sa an auna tagulla a fili tare da baƙin ƙarfe, dila ba ya yin haka, ki shigar da ita ɗaki. Sannan kin rubuta ta da p sau biyu, da f sauran, ki tsayar da ɗaya. Sauran 'yan uwa kuma, musamman na Katsina da Sakkwato da Damagaram da Jos da Kumasi, ku rubuto mana a ƙasa abin da ake kiran wannan wuri a garinku, da abin da ake kiran mai sikelin, da yaron da ke kawo masa kaya. Wanda bai sani ba kada ya ƙirƙiro, ya fita ya tambayo masu sana'ar. Zan tattara abin da aka samu in kai zaman wata mai zuwa, in Allah ya yarda, in karanta a gaban Malam.